Lyles da Thompson sun yi 9.79 su biyun: me ya sa aka ba ɗaya zinare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Har yau gardama ba ta mutu ba a majalisarmu kan tseren mita 100 na maza a gasar Olamfik ta Paris. Allo ya nuna 9.79 ga Noah Lyles na Amurka, ya nuna 9.79 ga Kishane Thompson na Jamaika, mu kuma a talabijin mun ga kamar Thompson ne ya riga shiga. Wasunmu na cewa don Lyles ɗan Amurka ne aka fifita shi. In dai lokacinsu ɗaya ne, me ya hana a raba musu zinaren? Kuma wa ke yanke wannan hukunci? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka gaida mini 'yan majalisar taku, ka kuma gaya musu ba su kaɗai ido ya yaudara ba a daren nan na 4 ga Agustan 2024. Mai sharhin gidan talabijin na NBC, na Amurkawan da kansu, sai da ya shelanta cewa Thompson ne ya ci. Shi ma Lyles, suna tsaye suna jiran allo a filin Stade de France, ya matsa kusa da Thompson ya ce masa yana jin shi ne ya lashe. To in wanda ya yi gudun bai sani ba, ina ga mai kallo daga Gusau?

Lokacin nasu ba ɗaya ba ne. Na'ura ta kama Lyles a sakan 9.784, ta kama Thompson a 9.789. Dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ce a rubuta sakamako da lamba biyu kacal bayan ɗigo, kuma duk ɗan rarar da ya saura a cika shi zuwa sama. Shi ya sa 9.784 ta zama 9.79, ita ma 9.789 ta zama 9.79. A takarda sun yi daidai, a hoton alƙalai kuwa akwai tazarar kashi biyar cikin dubu na sakan ɗaya. Mutumin da ke tafe da gudun mita goma sha ɗaya zuwa sha biyu a sakan guda, wannan ɗan lokacin santimita biyar ne zuwa shida a wurinsa, kusan faɗin yatsu uku. Da lambobin sun zo ɗaya har zuwa ta ukun, alƙali kuma ya kasa rarrabewa, da an bar su kunnen doki an ba kowa zinarensa. Doka ta yarda da haka. Rabon zinaren da aka gani a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 tsakanin Mutaz Barshim na Ƙatar da Gianmarco Tamberi na Italiya a tsallen sama wani babi ne daban, domin a can 'yan wasan ne suka zaɓi su haƙura da ƙarin zagaye. A tsere babu wannan zaɓi.

Sai batun abin da ido ya gani. Mai kallo ƙafa yake bi, ko kai, ko hannun da ya miƙe gaba. Doka duk ba ta san da waɗannan ba. Abin da take jira shi ne gangar jiki, wato daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta iso daidai bakin layin ƙarshe ta gefen da 'yan tsere ke tahowa. Kai da wuya da hannuwa da ƙafafu an fitar da su daga lissafi. Ga wani abin da zai ƙara wa gardamarku armashi: ƙafar da ta fara isa layi a daren nan ba ta Lyles ba ce, ba kuma ta Thompson ba. Ta Fred Kerley na Amurka ce, wanda ya zo na uku da 9.81. Da ƙafa ake bi, da shi za a rataya wa zinare. Thompson yana hanya ta huɗu, Lyles yana ta bakwai, kyamarar talabijin kuma ba ta tsaye cif a kan layin, saboda haka takan nuna wanda ke wani gefe kamar ya fi gaba. Abin da Lyles ya yi shi ne ya turo ƙirji a daidai takun da ya kamata, a lokacin da Thompson bai gama sunkuyowa ba.

Wannan turo ƙirji fanni ne da ake koya. In ka yi shi da wuri, taku biyu ko uku kafin layi, ka karya wa kanka gudu, ƙafa ta fara neman inda za ta sauka maimakon ta tura ƙasa. In ka makara, ka sunkuya bayan an gama hukunci. Masu horarwa kan sa yaransu su yi ta maimaita shi har ya zama jiki ne ke yi ba tunani ba.

Yanzu ga yadda ake samun hoton da ake kira na raba gardama, don nan ne mutane suka fi rikicewa. Ka ɗauka kana cikin ɗaki kana leƙen waje ta tsagar ƙofa. Ba ka ganin titi, siririn wuri ɗaya kawai kake gani, duk mai wucewa sai ya bi ta gabansa kaɗan-kaɗan: hannu, sai ƙirji, sai baya. Haka kyamarar take. An kafa ta daidai saitin layin ƙarshe, ba ta kallon komai sai wannan siririn wurin. Wadda kamfanin Omega ya yi aiki da ita a Paris tana ɗaukar hoto 40,000 a sakan ɗaya. Kwamfuta ce ke jera waɗannan siraran hotuna gefe da gefe su zama hoto guda. Saboda haka abin da kake gani daga wannan gefe zuwa wancan lokaci ne ke tafiya, ba tsawon fili ba. Kowane ɗan tsere a cikin hoton an kama shi ne a kan layin, sai dai a lokuta daban-daban. Shi ya sa za ka ga takalmi ya miƙe ya yi tsawo kamar an ja shi, hannu kuma ya tsuke: abin da ya daɗe a kan layi yakan fito da faɗi, wanda ya wuce da sauri ya fito siriri. Babban alƙalin hoto sai ya ɗora siririn layi a tsaye kan gaban gangar jikin kowa, lambar lokacin ta fito a ƙasa. Agogon kuwa haɗe yake da bindigar tashi, kuma kafin a fara wasa ana gwada su a tabbatar suna tafiya tare. Akan kafa wata kyamarar a ɗaya gefen filin, ko da wani zai tare wani. Hoton kuma ba a ɓoye shi, an fitar da shi kowa ya gani, kuma kowace ƙasa tana da damar ɗaukaka ƙara in ba ta gamsu ba. Sakamakon bai canza ba, Thompson ya karɓi azurfarsa.

Na fahimci dalilin zargin, domin ba wannan ne karo na farko da ɗan Amurka ya sha da ƙyar a hannun ɗan Jamaika ba. A Helsinki a 1952, Lindy Remigino na Amurka da Herb McKenley na Jamaika duka an rubuta musu 10.4, har ma da mutum biyu na bayansu. Remigino ya je ya taya McKenley murna, sai ga hoto ya ce shi ne ya ci. Shekara huɗu kafin nan a Landan, Barney Ewell na Amurka ya yi ta tsalle yana tafi, ashe ɗan ƙasarsu Harrison Dillard ya riga shi. A Mosko a 1980, Allan Wells na Birtaniya da Silvio Leonard na Kuba sun yi 10.25 su biyun, ɗaya a wannan gefen fili ɗaya a wancan, hoto ya ba Wells. Wanda aka fi daɗewa ana jayayya a kansa shi ne na Los Angeles a 1932, tsakanin Eddie Tolan da Ralph Metcalfe, dukansu Amurkawa, aka ba Tolan, Metcalfe kuwa bai taɓa yarda an riga shi ba. Ka ga ke nan hoto ya sha kunyata ido, ko da babu wata ƙasa da za a ce an fifita.

Tambayar da ta fi ba ni sha'awa ba ka yi ta ba: yaya aka yi Lyles ma ya iso wurin? Domin ya tashi da nauyi. Tsakanin ƙarar bindiga da motsinsa sakan 0.178 ne, babu wanda ya fi shi jinkiri a cikin su takwas. A mita 40 shi ne na ƙarshe. Thompson, wanda ya zo Paris da 9.77, lokacin da ya fi na kowa a shekarar, yana gaba har mita 90. Sirrin tseren mita 100 shi ne babu mai ƙara gudu har ƙarshe. Ɗan tsere kan kai ƙololuwar gudunsa tsakanin mita 50 da 80, daga nan kowa raguwa yake yi. Wanda ka ga kamar ya ƙara giya yana wuce mutane a mita goman ƙarshe, shi ne wanda gudunsa ya fi jinkirin zubewa. Lyles asalinsa ɗan mita 200 ne, yana da 19.31, wanda babu Ba'amurken da ya taɓa yin ƙasa da shi, don haka riƙe gudu bayan jiki ya fara ƙi shi ne sana'arsa. Thompson mai ƙarfin tashi ne, amma a takun ƙarshe an ga kafaɗunsa sun ɗaure yana ta fama. Usain Bolt na Jamaika ma haka yake cin mutane: ba gwanin tashi ba ne, amma da ya miƙe, taku 41 ya ishe shi inda sauran ke neman 44 ko 45. Da haka ya yi 9.58 a Berlin a 2009, da 9.63 a Landan a 2012, wanda har yau shi ne tarihin Olamfik.

In ana neman wurin da doka ke da abin cewa a kanta, ni a ganina wurin tashi ne, ba layin ƙarshe ba. Ƙarafunan da 'yan tsere ke tokare ƙafa da su suna da na'urar jin matsi, kuma bayan kowa akwai ƙaramar lasifika don ƙarar bindiga ta iso kunnen kowa a tare. Duk wanda ya motsa kafin cikar sakan 0.100 bayan ƙarar, ana ɗauka ya riga malam masallaci, wato ya yi canke ne bai jira ya ji ba, domin an ƙiyasta cewa ɗan Adam ba ya iya jin sauti ya motsa ƙasa da haka. Tun 2010 kuma babu gargaɗi, sau ɗaya ka yi an kore ka. Kerley ya tashi a 0.108 a daren nan. Kashi tara cikin dubu na sakan ne ya raba shi da jan kati, ga shi ya tafi gida da tagulla. Masana da dama na ganin akwai masu iya motsawa ƙasa da 0.100 ba tare da sata ba, ni ma ina tare da masu cewa a sake duba iyakar. Wannan doka ta ci manya. Linford Christie, mai riƙe da kambu, an kore shi a tseren ƙarshe na Atlanta a 1996, a zamanin da sai ka yi sau biyu, ya daɗe yana ƙin barin fili. Bolt ya sha kora a gasar duniya ta Daegu a 2011. A Tokyo ta ci Divine Oduduru na Najeriya tun zagayen farko, ta ci Zharnel Hughes na Birtaniya a tseren ƙarshe. A wannan tseren ƙarshe na Tokyo ne kuma Enoch Adegoke, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan mataki tun Davidson Ezinwa a 1996, tsokar bayan cinyarsa ta kama shi ya kasa ƙarasawa.

Wani abin da gardamar zinare ta danne shi ne girman tseren kansa. Su takwas ɗin duka sun yi ƙasa da sakan 10, abin da ba a taɓa gani ba a tseren da iskarsa ke cikin ƙa'ida. Iskar da ke tura su ta baya mita 1.0 ce a sakan, iyakar da aka yarda da ita kuwa 2.0 ce. Oblique Seville na Jamaika, wanda ya doke Lyles a zagayen kusa da na ƙarshe a wannan daren, ya yi 9.91 ya zo na takwas. Da wannan lokacin da ya ci zinare a Barcelona a 1992, inda Christie ya yi nasara da 9.96. Akani Simbine na Afirka ta Kudu shi ne abin tausayi: ya yi 9.82, sabon tarihin ƙasarsa, ya sake zuwa na huɗu kamar yadda ya zo a Tokyo, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan tsakaninsa da lamba. Letsile Tebogo na Botswana ya zo na shida da 9.86, sai bayan kwana huɗu ya dawo ya ci zinaren mita 200 da 19.46, ya bar Lyles a na uku.

Ga masu cewa Amurka ake wa hidima, ka tuna musu cewa rabon Amurka da zinaren mita 100 na maza tun Justin Gatlin a Athens a 2004, shekara 20 cif. A tsakani Bolt ya ɗauka sau uku a jere, a 2008 da 2012 da 2016, Marcell Jacobs na Italiya ya ɗauka a Tokyo da 9.80, inda Kerley na Amurka ya zo na biyu da 9.84. Kamfanin da ya riƙe agogo a gasannin da Bolt da Jacobs suka ci ɗaya ne, wato Omega na ƙasar Suwizalan, shi ne kuma ya auna na Paris.