An kira ni gwajin aiki a aikace: me zan tarar a can?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Nima, na gama bautar ƙasa bara. Wani kamfanin rarraba kaya a nan Akara ya kira ni kan gurbin mataimakiyar manajan ofis, amma sun ce ba hira kaɗai za a yi ba, za a zaunar da mu mu yi aikin kamar an riga an ɗauke mu, daga safe zuwa azahar. Yaya abin yake, kuma yaya zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan tsari ya daɗe. Sojojin Birtaniya sun zaɓi hafsoshi da shi tun 1942, kamfanin AT&T na Amurka kuma ya shigo da shi harkar manajoji a 1956. Dalilin bai canza ba: a baki kowa gwani ne, amma gani ya kori ji.

Babban ɓangaren gwajin ga irin gurbinki shi ne tarin saƙonni. Za a ba ki imel da takardu kamar 15 zuwa 20, da minti 45 ko awa ɗaya, a ce manaja ya yi tafiya, ke ce a kan tebur. Misali, direba ya rubuto cewa mota ta lalace a Nsawam da kayan Kumasi a ciki. Wata 'yar kasuwar Makola ta turo sidi 4,000 ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, kaya bai iso ba. Ga rahoton da ake so ranar Juma'a, ga gayyatar taro. Da gangan ake sa aikin ya fi ƙarfin lokacin, domin abin da ake aunawa shi ne wanda kika fara da shi, da dalilinki. A nan mutane suka fi faɗuwa: su kama saƙo na farko su yi ta tsara masa amsa, lokaci ya ƙare ba su ga na 14 ba, alhali shi ne ya soke umarnin da ke cikin na 3.

Saboda haka ki ba minti 10 na farko ga karanta komai, kada ki amsa ko ɗaya. Sannan ki kasa su uku: na yanzu, na jira, da wanda za ki miƙa wa wani. Kowanne ki rubuta dalili a layi ɗaya, don mai ba da maki ba ya ganin abin da ke ranki. Ki duba takardar da ta nuna wa ke saman wa. Idan mayar da kuɗi ikon akanta ne, kika sa hannu da kanki, kin taka tarko ko da niyyarki mai kyau ce.

Daga nan wani ma'aikaci zai shigo a matsayin abokin ciniki da ya fusata, na kamar minti 10. Ki bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, ki maimaita masa kokensa, ki nemi lambar rasit, ki faɗi abin da za ki yi da ƙarfe nawa. Kada ki yi alkawarin da ba ya hannunki don kawai ya yi shiru.

Akwai kuma tattaunawar rukuni, inda ake haɗa masu neman aikin su tattauna wani batu, ita ce ta fi damuna game da 'ya'yanmu na zango. An tarbiyyantar da mu kada mu katse na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mai lura yana zaune a gefe da takarda, abin da ya ji ko ya gani kaɗai yake rubutawa. Wadda ta yi shiru, shafinta fayau zai fita. Ki yi magana sau uku ko huɗu mai ma'ana, ki ɗora a kan batun wani, ki jawo wanda aka danne, ki tuna wa rukuni saura minti nawa. Mai babatu ma maki yake zubarwa.

Kafin ranar, ki zauna gaban kwamfuta ta gaske, domin saurin yatsa a waya bai kai ki ko'ina a nan. Ki gwada haɗa lissafi da tace bayanai a Excel, wani ya riƙe miki agogo. Ki kira su ki tambaya ko a takarda za a yi ko a kwamfuta, wannan ba laifi ba ne. Ki ɗauki Ghana Card, ki hau trotro da wuri saboda cunkoson safe.