An haifi 'yata a Amurka: shin hakan zai hana a kore ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Na shigo da bizar ziyara a watan Maris na 2016, wa'adina ya ƙare ban fita ba. A 2018 na haifi 'yata a nan, kuma tana da sikila. Mahaifinta ma ba shi da takarda. Wani mai cika wa mutane takardu ya karɓi kuɗina ya nema min mafaka, na yi shekaru ina jira babu labari, sai a Oktoba 2025 aka ba ni sammacin kotun shige da fice. Wasu sun ce Trump ya soke zama ɗan ƙasa ta haihuwa, wasu sun ce ba a korar uwar ɗan ƙasa, ƙawata kuma ta ce kada in je kotu, kama ni za a yi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya. Bari in fara da abin da zai sa hankalinki ya kwanta: 'yarki Ba'amurkiya ce. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1868 shi ya ba wanda aka haifa a ƙasar wannan matsayi, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a 1898 a shari'ar Wong Kim Ark, wanda aka haifa a San Francisco iyayensa 'yan Sin. Gaskiya ne Shugaba Trump ya sa hannu kan wani umarni ranar 20 ga Janairu 2025 da ke neman hana 'ya'yan marasa takarda da masu bizar wucin gadi wannan haƙƙi, kotuna suka dakatar da shi, magana ta kai Kotun Ƙoli. Amma umarnin da kansa ya ce bai shafi kowa ba sai wanda aka haifa bayan kwana 30 da fitowarsa. Yarinyar da aka haifa a 2018 ba ta cikin wannan muhawara ko kaɗan.

Masu cewa ba a korar uwar ɗan ƙasa kuwa, sun faɗa miki abin da kike so ki ji ne. Ana kora, kuma an daɗe ana yi, a zamanin kowace jam'iyya. 'Yarki ba za ta iya nema miki katin zama na dindindin ba sai ta cika shekara 21, wato a 2039. A lokacin, shigowar da kika yi da biza ta ƙofa za ta yi miki rana, domin mai irin wannan shigowa yana iya gyara zamansa ba tare da ya fita ba. To amma 2039 da nisa, sammaci kuwa yana hannunki yau.

Hanyar da ta fi kusa da ke ita ce roƙon alƙali ya soke korar. Doka ta gindaya sharuɗɗa: zaman shekara 10 a jere, kyakkyawan hali, babu wasu nau'o'in laifi, sannan a nuna cewa korarki za ta jefa ɗa, miji ko iyaye masu zama ɗan ƙasa ko katin dindindin cikin wahala mai tsanani fiye da wadda aka saba gani. Mutum 4,000 kacal ake ba wa a shekara a faɗin ƙasar.

Lissafin shekarun nan shi ne inda nake so ki natsu. Ranar da aka ba ki sammaci, lissafi yana tsayawa. Daga Maris 2016 zuwa Oktoba 2025 shekara tara ce da wata bakwai, kin ga saura ƙiris. Sai dai Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Pereira ta 2018 da ta Niz-Chavez ta 2021, cewa sammacin da bai faɗi rana da lokaci da wurin zaman kotu a takarda guda ba, bai tsayar da lissafi ba. Ɗauko takardar ki duba ƙasanta. In an rubuta cewa za a sa rana daga baya, lauyanki yana da hujjar cewa shekarunki sun ci gaba da tafiya har suka cika goma a Maris 2026. In kuwa rana da lokaci suna nan cif, wannan ƙofa ta rufe, kuma gara ki ji daga bakina tun yanzu da wani ya sake karɓar kuɗinki a kanta.

In ƙofar tana buɗe, sikilar yarinya ce ginshiƙin shari'arki. Alƙali ba ya karɓar cewa rayuwa a Najeriya da wuya ko makarantu ba su kai na nan ba. Wannan kowa yana faɗa. Abin da yake dubawa shi ne takardun asibiti: sau nawa aka kwantar da ita, wane magani take sha, ko ana mata ƙarin jini, da wasiƙar likitanta, da shaidar cewa irin wannan kulawa ba za ta samu gare ku a gida ba. Fara tara su tun yanzu, tare da takardun haya, na haraji da na makaranta da ke nuna kina nan kowace shekara.

Maganar mafakar nan tana damuna ƙwarai. Doka ta ce a nemi mafaka cikin shekara ɗaya da shigowa, sai da uzuri mai ƙarfi. Sannan ban san abin da mutumin nan ya rubuta da sunanki ba, wataƙila ke ma ba ki sani ba. In alƙali ya sami cewa an shirya ƙarya da gangan, yana iya haramta miki kowace irin takarda har abada. Lauyanki ya nemi kwafin fayil ɗinki daga hukuma kafin ki amsa wata tambaya a kansa, ke kuma ki faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Abin baƙin ciki ne yadda 'yan'uwanmu ke cutar juna da wannan sana'a.

Shawarar ƙawarki ita ce mafi haɗari a cikin ukun. Ba zan ɓoye miki ba, a 2025 jami'an ICE, hukumar da ke kamawa da korar baƙi marasa takarda, sun kama mutane a harabar kotuna, har da ginin 26 Federal Plaza da ke Manhattan. Amma in ba ki je ba, alƙali zai yanke hukuncin kora a bayan idonki, kuma warware shi da wuya. Ko sammacin farko ba shi da rana, in daga baya an aiko miki da ranar kika ƙi zuwa, hukuncin ya hau kanki. Haka Kotun Ƙoli ta ce a 2024. In kin sauya gida, kwana biyar gare ki ki sanar da kotu. Shari'o'i sama da miliyan uku ne jibge a kotunan nan, ana ɗage rana ana dawo da ita, don haka ki riƙa duba ranarki a shafin intanet na kotun da lambar fayil ɗinki mai farawa da harafin A.

Akwai kuma zaɓin roƙon alƙali ya bar ki ki fita da kanki, ba tare da hukuncin kora ba. Ki sani dai, wanda ya wuce shekara ɗaya babu izini, da zarar ya fita an hana shi dawowa shekara 10, kuma wahalar ɗa ba ta cikin abin da ake dubawa wajen yafe wannan hanin.

Gwamnati ba ta ɗaukar wa mutum lauya a wannan kotu, amma kotun tana ba da jerin ƙungiyoyi masu taimako kyauta. Kada ki ba kowa fayil ɗinki sai lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. Ki yi wa yarinya fasfonta na Amurka yanzu da ku biyun kuke nan, tunda yaron da bai kai shekara 16 ba sai da yardar uwa da uba. Ki yi mata na Najeriya ma, sashe na 25 na tsarin mulkinmu ya ba ta wannan haƙƙi ta wajenki. Sannan ku rubuta takardar wanda zai riƙe ta in an tsare ɗayanku, ku ba shi sunayen magungunanta da na likitanta.