Amsa: Kayan koyar da labarai ga 'yan aji 2

Malama, kin ce ajinki a Argungu ba littattafan labarai. Ki fara da tatsuniya, ba ta cin ko kwabo. Ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa, sai ki tsaya a tsakiya ki tambaye su me Gizo zai yi wa Ƙoƙi. Ki yanka kwalin sabulu, su zana Gizo da gawayi, a soka a kara, su riƙa motsa shi suna kwaikwayon tsamin bakinsa. Labarin Kanta, sarkin Kabi na da, da ganuwar birninsa Surame ma yana shiga ransu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuwa ta yi musu nauyi, sai dai ki karanta musu da kanki kaɗan-kaɗan.