Wai me ake ji a anime mai tafiyar hawainiya?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ƙanwata ce ta dage sai na kalli Frieren, wani anime (katun ɗin Japan), na kalli kashi uku amma faɗan kaɗan ne, sai tafiya da hira, wai me mutane suke ji a ciki ne?

Amsa: Yawwa ƙanwata, ai nan daɗin yake, irin wannan anime ɗin zuciyar mutanen ciki ake bi. Kamfanin Madhouse na Japan ne ya fitar da shi a 2023, zangon farko kashi 28, kuma labarin ya fara ne bayan Frieren, tauraruwar labarin, da abokanta sun riga sun gama da sarkin aljanu. Ita Frieren ba mutum ba ce, 'yar wani jinsi ce mai tsawon rai da ake kira elf, ta haura shekara 1000 a duniya, shi ya sa tafiyar shekara 10 da ta yi da abokanta take ganinta kamar ƙiftawar ido, sai da Himmel, ɗaya daga cikin abokan nata, ya tsufa ya mutu tana tsaye a bakin kabarinsa hawaye ya kece mata, tana nadamar rashin ƙoƙarin saninsa sosai. Wallahi wurin nan ya taɓa ni har cikin rai. Ki ajiye waya gefe ki kalli kashi ɗaya ɗaya da dare, ki lura da shirun da suke yi tsakanin maganganu, a nan ake gane halin kowa.