Ga ƙanwata mai kyandir ɗin da ba ya ƙamshi in an kunna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi ajiyar zuciya. Kin ce kyandir ɗin waken suyan da kika yi saboda kakar nan, in kin buɗe murfi ƙamshin kirfa har ya cika hanci, amma da an kunna shi ke nan, ga shi yana cin tsakiya ya bar gefe kamar rijiya. Ni ma haka ta faru da ni, tawa ma ta fi taki muni don a bainar jama'a na sha kunyar.

Lokacin shekarata biyu da zuwa Manchesta. Kin san dai yadda turaren wuta da ƙararrawar hayaƙin gidajen nan ba sa ga maciji da juna, shi ya sa na koma kyandir. Na yi guda shida na raba wa maƙwabta, aka yi ta yabo, kaina ya kumbura. Sai wata baiwar Allah, ba zan kama suna ba, ta ce in yi mata arba'in za ta raba a walimar ƙanwarta ƙarshen Oktoba. Kwana huɗu ta ba ni. Ta ce ita ba ta son ƙamshin Turawa, humrarta za ta kawo in zuba. Na ce mata ban taɓa gwadawa ba, ta ce haba, turare ai turare ne. Na biye mata. Ina zubawa na ga humrar ta ƙi haɗuwa da kakin, ta taru ɗigo-ɗigo a gindin tukunya, amma na ce in ya daskare zai gyaru. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, kicin ya cika da kwalabe, yara kuwa burodi da shayi suka yi ta sha.

Kwana uku da gama walima sai ga saƙon murya har uku. Ba ni kaɗai ta tura wa ba, cikin guruf ɗin matan unguwa ta saka. Wai kyandir ɗina yana tartsatsi, wai ya yi wa wata baƙi a bango, wai na cuce ta. Ko sau ɗaya ba ta ambaci humrarta ba. Rabin kuɗin da ya rage har yau ban gan shi ba, kuma in mun haɗu a filin Idi sai ta rungume ni tana Anti ya yara. Ban ce Allah ya isa ba, amma ban manta ba.

To, naki dai kar ki zubar tukuna. Kwana nawa da yinsa kika kunna? In jiya kika yi yau kika kunna, nan matsalar take. Kakin waken suya yana son a rufe shi a ajiye sati ɗaya zuwa biyu kafin ƙamshin ya kama jikinsa. Ni sai ya yi kwana 14 nake taɓawa.

Kuma don Allah ki sayi sikelin kicin, ki daina awo da ido kamar miya. Giram 500 na kaki, giram 40 na man ƙamshi, wato kashi 8 cikin ɗari. In kin wuce kashi 10 man zai yi ta zufa a saman kyandir, ƙamshi kuma ba zai ƙaru ba. Man da aka yi domin kyandir nake nufi. Humra da turaren fesawa galibi akwai alkohol a ciki, wasu har da ruwa, ba sa haɗuwa da kaki, kuma wuta suke kirawa.

Ki narkar a cikin jug ɗin ƙarfe da kika ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai-tsaye kan wuta ba. In ma'aunin zafi ya nuna digiri 85 na Celsius ki sauke, ki zuba man, ki juya a hankali minti biyu cur. Ki bar shi ya huce zuwa wajen 57 sannan ki ɗura. Da sanyin nan ki ɗan ɗumama kwalaben. In kin ga fari-fari a jiki bayan ya daskare kar ki damu, halin waken suya ne.

Rijiyar nan kuwa lagwani ne ya yi wa kwalbar ƙanƙanta, ko kin kashe da wuri a kunnawar farko. Ki bar shi har saman ya narke ya taɓa gefe, amma kar ya wuce awa huɗu. Ki riƙa datse lagwanin ya rage kamar milimita 6.

Abin da ke ba ni dariya, ƙamshin kabewar nan (pumpkin spice) da Turawa suke rububi duk kaka babu kabewa a ciki, kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, kayan shayinmu. Sai dai hotunan nan na Instagram da ake soka sandar kirfa da busasshen lemo a saman kyandir, kar ki kwaikwaya, makamashi ne kika ajiye wa wuta. In kaki ya kama wuta ki rufe da murfi, ban da ruwa. Ragowar kuma kar ki juye a sinki, mai gyaran famfo ya taɓa karɓe min kuɗin cefanen sati.

In sayarwa za ki yi a nan Ingila ki nemi bayanin lambar CLP, wato takardar gargaɗin sinadarai da ake mannawa a jikin kyandir, daga inda kika sayi man, kuma ki karɓi kuɗinki duka kafin ki miƙa kaya, ko da 'yar uwa ce. Ki auno min faɗin bakin kwalbarki da lambar da ke jikin ledar lagwanin, in duba ko sun dace.