Gumin Da Ke Fitowa Lokacin Wanka Da Ruwan Zafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan ina wankan janaba da ruwan zafi, sai in ji gumi yana tsattsafo mini a goshi da baya, har wani lokaci in ji gishirinsa a leɓena, alhali jikina a jiƙe yake. Sai in rasa gane ruwa ne ko gumi. Shin gumin mai janaba najasa ne? In ya ɗiga cikin ruwan wankan ya ɓata shi? Sau da yawa nakan sake wankan daga farko.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Wankanka ya yi, ɗan'uwa, kuma ka daina maimaitawa.

Abin da kake ji gaskiya ne. Jiki yana tsare zafinsa a wajen digiri 37, da zarar ruwan zafi da tururi sun ɗumama shi sai ya saki gumi don ya huce, ko da fatar a jiƙe take. Tururin da ya cika banɗakin kuma yana hana gumin bushewa, shi ya sa kake jinsa yana gangarowa.

Gumin ɗan Adam mai tsarki ne, ko yana da janaba, ko mace tana haila. Janaba hukunci ce da ke hana salla da ɗawafi, ba ƙazanta ba ce da ke tsattsafowa daga fata. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Huraira ya haɗu da Annabi (SAW) yana da janaba, ya sulale ya je ya yi wanka, da ya dawo ya faɗi dalilinsa, sai Annabi ya ce: "Subhanallah! Ai mumini ba ya zama najasa." A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ruwaito daga Nafi'u cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi gumi a cikin tufa yana da janaba, sannan ya yi salla da wannan tufar. Ibnul Munzir ma ya hakaito ijma'in malamai a kan tsarkin gumin mai janaba. Haka nan gumi ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala, balle wanka.

Batun ɗigarsa cikin ruwa kuwa, ruwa ba ya fita daga kasancewa mai tsarkakewa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja. Ɗigo biyu ko uku na gumi ba za su canja ruwan da ya isa wanka ba.

Wuri ɗaya ne tambayarka take da nauyi, nan nake so ka lura. Gumi mai tsarki ne, amma ba ya tsarkakewa. Idan akwai gurbin da ruwa bai taɓa shi ba sam, kamar hammata, cibiya, bayan kunne ko tsakiyar baya, jiƙewarsa da gumi ba ta wadatar ba, lam'a ce. Sai ka zuba masa ruwa ka cuɗa, tunda a mazhabar Malikiyya cuɗawa farilla ce. Wanda ya manta lam'a, gurbin kaɗai zai wanke da niyya lokacin da ya tuna, in ya yi sallar farilla a haka ya sake ta. Amma gaɓar da ka riga ka kwarara mata ruwa ka bi ta da hannu ta gama, ko gumi ya biyo baya ko bai biyo ba. Shari'a ba ta ɗora maka tantance kowane ɗigo ba, rinjayen zato ya isa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wannan maimaitawar, domin ƙofar waswasi ce. Malamanmu sun ce wanda kokwanto ya aure shi, yana zuwa masa kullum, ya yi watsi da shi kawai. Anas ya ce Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, sa'i kuwa mudun Annabi huɗu ne. Dubi ruwan da kake ƙararwa a wanka biyu. Sannan duk daɗewarka cikin tururi, gumin ƙaruwa yake yi, ka ga ba ranar gamawa ke nan.

Ɗumama ruwa halal ne. Abin da malamai suka karhanta shi ne mai tsananin zafi, wanda ke hana mutum cika wankan yadda ya kamata. Ka surka shi, kuma in ka ji jiri ka fito nan take.

Wallahu a'alam.