Tambaya da Amsa: Koyar da Dabarun Tallata Haja

Tambaya: Ni malama ce mai koyar da darasin kasuwanci a wata sakandare a Zariya. Ɗalibaina suna haddace ƙa'idojin tallata haja, amma ba sa iya danganta su da kasuwar da suka sani. Ta yaya zan kusanto musu da darasin?

Amsa: Malama, ki fara da teburin mai shayi, inda ake rataye madarar gari ta ƙananan ledoji. Kamfanin da ke yin Cowbell ya shahara da wannan dabara a Najeriya tun shekarun 1990, domin ya lura cewa mai cin abinci daga aikin yini ba zai iya sayen gwangwani guda ba, amma zai sayi abin da zai ishe shi kofi ɗaya. A wannan leda kaɗai za ki bayyana musu rarrabe masu saye bisa ƙarfin aljihunsu, da tsara farashi, da isar da kaya har lungu.

Sannan ki kawo musu ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da masu shaguna da mahauta suka koma karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint, har wanda ya ƙi yin haka ya riƙa rasa ciniki. A ganina wannan misalin ya fi kowanne kama hankalin matasa, domin da idonsu suka gani. Ki tura su su tambayi masu shagunan unguwarsu abin da ya sauya a cinikinsu tun lokacin.